Yadda Ake Zaɓen Ƙaramin Otal na Alfarma a Tsohon Birnin Zanzibar

Yawancin tallace-tallacen hutun Zanzibar da kamfanonin shirya tafiye-tafiye suke yaɗawa salo ɗaya gare su. Jirgi ya sauka a filin Abeid Amani Karume, mota ta kwashi baƙi ta nufi Nungwi ko Kendwa a arewacin tsibirin, ko Kiwengwa a gabas, a ɗaura wa kowa abin hannu na roba, daga nan kwana da ci da sha duk sun shiga cikin kuɗin da aka biya a dunƙule. Shi kuwa tsohon birnin, wanda ake kira Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, rabin yini ake ba shi: a zagaya da mutane cikin zafin rana, a mayar da su masauki kafin magariba. Wannan jagora an yi ta ne domin wanda yake son ya kwana a cikin birnin kansa, a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen attajirai da aka gyara aka mayar da su ƙananan otal-otal na alfarma. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, a irin waɗannan gidaje sunan otal bai isa ba. Ɗaki ake zaɓa, a gida kaza, a unguwa kaza, domin ɗakuna biyu a gida ɗaya suna iya bambanta fiye da yadda otal biyu suka bambanta.

Mataki na farko shi ne mutum ya zauna ya yi lissafin abin da kuɗin dunƙule yake saya masa. A manyan otal-otal na bakin teku, farashin ya haɗa abinci sau uku na ɗiba-da-kanka, da wasannin dare, da abin sha ba iyaka, kuma a cikin abin shan nan giya ce ta fi tsada. Matafiyin da ba ya shan giya yana biyan farashi ɗaya da mai sha, ke nan yana tallafa wa teburin wani da aljihunsa. Sannan duk ranar da ya fita yawon gari ya ci abinci a waje, ya biya kuɗin abinci sau biyu, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, domin daga Nungwi zuwa tsohon birni tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi ce. Duk da haka, adalci ne a faɗi cewa tsarin dunƙule yana da masu shi. Iyali mai ƙananan yara da suke son wurin ninkaya da filin guje-guje, ko dattijon da gwiwa ba ta barinsa hawa bene, ko wanda bai zo don komai ba sai ya kwanta a gaban teku, duk babban otal ya fi dacewa da su. Tsohon birni yana da ɗan rairayi a unguwar Shangani, amma gefen tashar jiragen ruwa ne, kwale-kwale suna kai da kawowa, ba wurin da za a ƙetare nahiya domin wanka a cikinsa ba ne.

Mataki na biyu na takardu ne da lokaci, kuma dole a gama shi kafin a biya kowane otal kuɗin da ba a mayarwa. Zanzibar yanki ne na Tanzaniya tun haɗewar 1964, saboda haka bizar Tanzaniya ake nema. Masu fasfo na Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin rukunin da ba a ba su biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida an jira amincewar hukumar shige da fice, kuma jiran yana iya ɗaukar makonni. A tanadi katin rigakafin cutar shawara. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfaninta na inshora, wadda aka fara da dala 44 ga babban mutum, ko da kuwa yana da wata inshorar daban. Tun da irin waɗannan dokoki suna canzawa, a duba shafin hukumar kafin a fara.

Game da lokaci, ruwan sama mai ƙarfi yana sauka daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, sannan wani marar ƙarfi wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba iska tana da sanyi-sanyi kuma gari a bushe yake, shi ne lokacin da ya fi daɗin yawo a ƙafa, shi ne kuma lokacin da ɗakuna masu kyau suke saurin ƙarewa. Daga Disamba zuwa Maris akwai zafi da gumi. A watan Fabrairu ana bikin kiɗa na Sauti za Busara, a tsakiyar shekara kuma ana bikin fina-finai, kuma duka biyun suna cika otal-otal na kusa da tsohuwar ganuwar birnin da ake kira Old Fort. A watan azumi gidajen abinci da yawa suna rufewa da rana, abin da yake takura wa wasu baƙi, amma ga Musulmin da yake azumi, shan ruwa a garin da kusan kowa yake azumi riba ce.

Mataki na uku shi ne zaɓen unguwa. Tsohon birni ƙarami ne, ana ratsa shi a ƙafa cikin kimanin minti ashirin idan ba a ɓata ba, amma unguwanninsa ba hali ɗaya gare su ba. Shangani, a kusurwar yamma, ita ce ta bakin ruwa: can ake ganin faɗuwar rana, mota tana isa ƙofar otal-otal da dama, kuma can ne manyan masaukai biyu suke, wato Zanzibar Serena da Park Hyatt. Waɗannan biyun na alfarma ne, amma kowannensu ya haura ɗaki hamsin, don haka sun fita daga rukunin da muke magana a kai, ko da yake su ne mafita ga wanda yake son zaman birni ba tare da wahalar matakala ba. Aibin Shangani shi ne yawan baƙi da masu talla, da kuma kiɗan wasu wuraren shaƙatawa da dare. Hurumzi da Kiponda suna can ciki, bayan fadar sarakuna, lungunansu ƙunci gare su har mutum biyu ba sa jerawa cikin walwala, kuma a nan ne dogayen gidajen 'yan kasuwa suke, masu rufin da ake hango birnin gaba ɗaya daga kansa. Baghani tana tsakanin biyun, ta fi natsuwa. Mkunazini da Sokomuhogo sun fi kusa da rayuwar mutanen gari da kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904. Malindi tana gefen tashar jirgin ruwa da kasuwar kifi, tana da sauƙi ga wanda zai shigo ta ruwa daga Darussalam, amma tana tashi da hayaniya tun da asuba.

A ra'ayina, wanda ya zo karon farko kuma ƙafarsa lafiya lau, ya nemi Hurumzi ko Kiponda ko Baghani. Teku ba ta gudu. Daga kowace cikinsu 'yan mintuna ne zuwa lambun Forodhani da yake bakin teku.

Mataki na huɗu shi ne mafi muhimmanci, wato fahimtar ginin kansa, domin daga nan ake gane ɗakin da ya cancanci kuɗinsa. Yawancin gidajen an gina su ne a ƙarni na 19, bayan Sarki Sayyid Sa'id na Oman ya mayar da fadarsa Zanzibar wajen 1840, lokacin da cinikin kanumfari da hauren giwa da bayi ya tara dukiya a hannun Larabawa da Indiyawa. An yi bangon da dutsen murjani na teku da farar ƙasa, kauri gare shi ƙwarai, rufin kuma an ɗora shi a kan sandunan itacen bakin teku da aka jera kamar azara. Tsawon sandunan nan shi ne ya ƙayyade faɗin ɗaki, shi ya sa ɗakunan asali suke da tsawo da tsayin rufi amma ba su da faɗi sosai. Idan aka ga hoton ɗaki mai faɗin gaske ba ginshiƙi, to ko dai sabon gini ne, ko an rushe bangon tsakiya an sa ƙarfe, ko kuwa kyamara ce ta yi aikinta.

Tsarin gidan ma yana da ma'ana. A gidajen 'yan kasuwa, ƙasa wurin ajiyar kaya ne da shago da masu hidima, iyalin gida kuwa suna sama, inda iska da haske suke. Saboda haka ɗakin ƙasa a otal na yau galibi shi ne mafi duhu, tagarsa tana buɗewa kai tsaye ga lungu, inda babura suke wucewa kuma mutane suke hira a kan dakali har dare. Akwai kuma matsalar danshi. Bangon murjani da farar ƙasa yana shan ruwa yana fitarwa, amma idan mai gyara ya shafe shi da siminti da fentin roba domin sauri, danshin yana maƙalewa a ciki, sai fenti ya riƙa kumbura daga ƙasan bango, ɗaki ya riƙa warin rima. Wanda ya ga wannan alama a hoton da wani baƙo ya ɗauka, ko ya karanta koke kan warin ɗaki fiye da sau ɗaya, ya nemi wani hawa ko wani gida.

Ɗakunan sama su ne na alfarma na gaskiya, amma da sharaɗi. Matakalar waɗannan gidaje tsaye take, kowane taki yana da tsayi, kuma mafi yawansu ba su da na'urar hawa bene. Ɗaki a hawa na huɗu yana nufin hawa da sauka sau da yawa a yini cikin gumi. Ɗakin da yake daidai ƙarƙashin rufin da ake cin abinci a kansa zai sha ƙarar jan kujeru har a tashi. Wanda yake ƙarƙashin kwano kai tsaye yana ɗaukar zafi da rana. Hawa na biyu ko na uku, mai taga biyu a ɓangarori daban-daban domin iska ta ratsa, shi ne yawanci ya fi daidaituwa. A lura kuma cewa a wasu gidajen, domin ƙawa, an yi banɗakin a buɗe a kan baranda, ko kuwa labule kawai ya raba shi da gado. Wasu baƙi suna biyan ƙari domin wannan. Wanda bai saba ba kuwa, gara ya sani tun yana gida.

Tarihin gida yana ƙara masa daraja idan na gaskiya ne. Misali, ginin da otal ɗin Emerson on Hurumzi yake ciki ana danganta shi da Tharia Topan, hamshaƙin ɗan kasuwa mabiyin ɗarikar Isma'iliyya wanda ya aza harsashin tsohon asibitin bakin ruwa a 1887, ginin nan mai baranda da aka sassaƙa wanda gidauniyar Aga Khan ta gyara daga baya. Akwai wasu gidajen da aka sani irin su Emerson Spice da Jafferji House da Kisiwa House da Zanzibar Palace da Zanzibar Coffee House, kowanne da salonsa. Ambaton sunayensu ba shaida ba ce a kan halin da suke ciki yau, domin ƙaramin otal yana canzawa da canjin manaja ɗaya. Ƙofar gida ma tana ba da labari: mai kai a miƙe da rubutun Larabci a sama salon Larabawa ce, mai kai a lanƙwashe da manyan ƙusoshin tagulla kuwa salon Indiya ce. Sai dai ana sassaƙa sababbi a yau, don haka ƙofa kaɗai ba ta tabbatar da shekarun gida.

Mataki na biyar shi ne rubuta wa otal ɗin kai tsaye kafin a biya. Shafukan kama ɗaki na intanet suna da amfani wajen kwatanta farashi da karanta ra'ayoyin baƙi, musamman ra'ayoyin watannin baya-bayan nan da na waɗanda suka ba da matsakaicin maki, domin su ne suka fi faɗin gaskiya ba fushi ba zuga. Amma shafukan suna sayar da rukunin ɗaki ne, alhali a gida mai ɗaki goma ko goma sha biyu kusan kowane ɗaki yana da sunansa. A tambayi sunan ɗakin da za a bayar, da hawan da yake, da inda tagarsa take kallo, a kuma roƙi hoton da aka ɗauka da waya a wannan makon, har da na banɗaki. A tambaya ko akwai na'urar sanyaya ɗaki ko fanka ce kawai, ko gadon yana da gidan sauro, ko ruwan zafi yana isa hawan sama da ƙarfi. Wutar tsibirin ta ƙarƙashin teku take zuwa daga babban yankin Tanzaniya, kuma daga Disambar 2009 zuwa Maris na 2010 an yi kusan wata uku babu ita. An inganta lamarin tun daga lokacin, amma ɗaukewar wuta ba ta ƙare ba. Tambayar da ta dace ita ce ko janaretan gidan yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, domin a wasu wurare fitilu kawai yake kunnawa.

Wanda ya damu da batun giya ya tambaya a fili, domin wasu otal-otal na tsohon birni ba sa sayar da ita sam, wasu kuma suna sayarwa a kan rufi kawai. Naman da ake sayarwa a gari na yankan Musulmi ne. Masallatai suna ko'ina, da wuya a yi tafiyar minti biyar ba a tarar da ɗaya ba, saboda haka kiran sallar asuba zai shigo ɗaki ko an so ko ba a so ba. Abu ɗaya da yake rikita wanda ya taso daga Afirka ta Yamma shi ne alƙibla: a Zanzibar arewa ake fuskanta, kusan kai tsaye, domin Makka tana saman tsibirin ne a taswira.

Yadda otal ya amsa waɗannan tambayoyi shi kansa gwaji ne. Gidan da ya amsa ɗaya bayan ɗaya, har ya faɗi aibin ɗakin da bakinsa, ya nuna yadda zai riƙe baƙo. Wanda ya aiko da jawabin talla da hotunan faɗuwar rana, a wuce shi.

Mataki na shida shi ne kuɗi. A nemi jimillar farashi a rubuce, a kuma tabbatar ko ta haɗa karin kumallo da haraji, domin akwai harajin da gwamnatin Zanzibar take karɓa a kan kowane baƙo kowane dare, kuma sau da yawa a teburin otal ake biyansa daban. A tambayi kuɗin da za a biya da shi, da ko ana ƙara wani kaso idan da kati aka biya. Mai ɗauke da dala ya nemi sababbin takardu masu tsabta, domin ana yawan ƙin karɓar tsofaffi. Tun da biza tana iya jinkiri, kada a yarda da farashin da ba a mayar da kuɗi idan an fasa, komai rahusarsa, sai bizar ta fito. Idan an nemi kafin alƙalami, a biya ta hanyar da otal ɗin ya aiko daga adireshinsa na hukuma, kada a tura wa asusun wani mutum da ya ce shi wakili ne. Wanda zai kwana uku ko fiye yana da bakin neman ragi, ko a ɗauke masa kuɗin mota daga filin jirgi, ko a ɗaga shi zuwa ɗaki mafi kyau, musamman a lokacin da baƙi suka yi ƙaranci. Domin kwatanci na adalci da otal ɗin dunƙule, a haɗa kuɗin ɗaki da na abincin rana da na dare a gari, sannan a ɗora wa wancan kuɗin motar zuwa birni da na ɗan rakiya.

Mataki na bakwai shi ne isowa. Filin jirgi yana kusa, tafiyar kimanin minti goma sha biyar zuwa ashirin ce, amma mota ba ta shiga yawancin lungunan. Direba zai tsaya a bakin hanya, wajen Forodhani ko Darajani ko wani fili, sauran tafiyar a ƙafa ce. Saboda haka a shirya da otal ya aiko mota da ma'aikacin da zai tarbi baƙo a inda motar take tsayawa, ya ɗauki kaya ko ya sa a baro. Wanda ya sauka da akwati biyu yana dube-dube, 'yan kamasho za su kewaye shi nan take, wani ma ya ce masa otal ɗin ya cika ko ya rufe domin ya kai shi inda zai sami lada. Taswirar waya tana ruɗewa a tsakanin dogayen bangaye, don haka a karɓi katin otal a sa a aljihu. Agogon Zanzibar yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu. Bayan wannan, mutanen gari suna ƙirga awa daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Duk alƙawarin da aka yi da direba ko mai kwale-kwale, a rubuta lokacin a nuna masa a fuskar waya.

Da an zauna, a bar otal ya yi aikin da aka zaɓe shi dominsa. Karin kumallo a kan rufi, inda ake ganin hasumiyar masallatai da ta cocin Angilika da aka fara ginawa a 1873 a filin tsohuwar kasuwar bayi, yana cikin abin da aka biya. Wasu gidajen suna shirya abincin dare a kan rufi, kujerun kaɗan ne, sai an kama wuri tun da wuri ko da mutum a gidan yake kwana. Sauran abinci a ci a gari: shinkafar pilau da biriyani da rana, kifi da miyar kwakwa, da romon urojo mai tsami wanda ake zuba wa dankali da ƙosai. A Forodhani da dare, a zaɓi abin da aka dafa a gaban ido, a kuma yi ciniki kafin a ɗora a wuta, domin kifin da aka jera a tebur ba kullum na ranar ba ne. Gidan Beit al-Ajaib, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883, wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, don haka a tambayi ma'aikatan otal halin da aikin gyaransa yake ciki kafin a sa shi a jadawali. Su ne kuma za su haɗa baƙo da ɗan rakiya mai lasisi, da kwale-kwalen zuwa tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, da motar zuwa gonakin kanumfari da kirfa. A cikin gari ana son sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutane, musamman mata.

Wanda har yanzu ransa yake kan farin rairayi ba sai ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Ya raba kwanakin: uku a tsohon birni, sauran a ƙaramin otal na bakin teku da yake ba da karin kumallo da abincin dare kawai. A gabar gabas, wajen Paje da Jambiani da Kiwengwa, ruwa yana janyewa nesa ƙwarai sau biyu a yini, sai an jira ya dawo kafin a yi wanka. A Nungwi da Kendwa janyewar ba ta kai haka ba. Idan jirgin komawa na safe ne, a sa kwanan birni a ƙarshe, domin daga Shangani ko Hurumzi ana isa filin jirgi cikin ƙanƙanin lokaci, alhali daga arewa sai an tashi tun cikin dare.